Allura da Zare a Bikin Bahaushe: Matsayin Ɗinkin Hannu a Tufafin Amarya da Kyaututtukan Aure

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ɗinkin hannu a tufafin aure da kyaututtukan biki a ƙasar Hausa, musamman a Kano da Zariya. Ta bi sawun sana'ar tun daga ƙarni na 19, lokacin da Kano ke tufatar da ƙasashe masu nisa, zuwa yau da yadi da zare da salon ɗinki duk daga waje suke zuwa. Matsayar maƙalar ita ce biki ne babbar kasuwar da ta rage wa aikin hannu, amma kuɗin da ake kashewa a cikinsa ba sa isa hannun masu riƙe da allura, sunansu kuma ba ya bin aikinsu. Maƙalar ta bayyana matakan ɗinka rigar amarya, ta nuna illar kwafar hoto a maimakon ƙirƙira, sannan ta kawo shawarwari ga teloli da iyaye da makarantu da hukumomi.

Fitilun kalmomi: ɗinkin hannu, surfani, zayyana, rigar amarya, lefe.

1.0 Gabatarwa

Tun kafin a sa rana tufafi ke shiga maganar auren Bahaushe, kuma ba sa fita sai bayan buɗar kai. Akwai kayan lefe, akwai ankon dangi da na ƙawaye, akwai abin da amarya za ta sa ranar kamu da ranar wuni da daren da za a kai ta, ga babbar rigar ango ta ɗaurin aure da hularsa. Bayan waɗannan akwai zannuwan gado da labulaye da rigunan filo na jere. Babu ɗaya a cikinsu da bai bi ta hannun maɗinki ba. Sai dai idan mata suka zauna ganin lefe, yadi ake yabo da sunan inda ya fito: wannan shaddar Getzner ce, wannan atamfar Holan ce, wancan leshin Siwizalan ne. Wanda ya auna, ya yanka, ya kwana yana ɗinki, ba a cika jin sunansa ba sai in ya saɓa alkawari.

Maƙalar za ta amsa tambayoyi uku. Wane matsayi ɗinkin hannu yake da shi a tarihin tufafin Hausawa? Me ya rage masa a bikin yau? Ta wace hanya kuɗin biki za su raya shi? An dogara da rubuce-rubucen masana tarihin tufafi, da kuma abin da kowa ke gani a shagunan teloli da gidajen biki.

2.0 Waiwaye: Lokacin da Kano ke Tufatar da Duniya

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shiga Kano a farkon shekarar 1851. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne sana'ar tufafi. Ya bayyana cewa saƙar Kano da rininta suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tumbuktu ta yamma, kuma ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da aƙalla wuri miliyan 300. Binciken Philip Shea na 1975 ya nuna yadda garuruwa irin su Kura suka ƙware a kan turkuɗi, wanda Buzaye ke saye domin rawani. Masu marinar Ƙofar Mata kuwa har gobe suna danganta kafuwar karofinsu da shekarar 1498.

Babbar riga ita ce ƙololuwar wannan fasaha, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ce. Mata ke gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa siraran ƙore, marini ya tsoma su a baba, maɗinki ya harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura. Daga nan mai zayyana ya zana fasalin aiki a kan aljihu da wuya da baya, mai surfani ya cike shi da zaren tsamiya ko alharinin da fatake ke kawowa ta hamada, mabugi ya buge rigar har ta yi sheƙi, dillali ya kai ta kasuwa. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya yi zurfin bincike a kan surfanin Hausa a shekarun 1970, ya nuna kusancin wannan sana'a da malamai da almajirai: hannun da ya saba da alƙalami da tawada shi ne ya fi iya zana aska biyu, aska takwas, tambari da dagi.

Wani abu da tarihi ya tabbatar shi ne riga kyauta ce tun asali. Colleen Kriger ta yi bayanin yadda rigunan Daular Sakkwato, waɗanda Hausawa da Nufawa da mutanen Ilori suka yi tarayya wajen samar da su, suka zama abin da sarakuna ke bai wa hakimai da malamai da manyan baƙi. Wanda aka tufatar an ɗaukaka shi, kuma girman kyautar yana ga yawan aikin da ke jikinta. Ma'aunin darajar tufa a wancan zamani shi ne lokacin da hannu ya ɓata a kanta.

Tufafin mata sun bi wata hanya dabam. Adon amarya a da zane ne da gyauto da fatala da mayafi, wato kayan ɗaurawa da yafawa. Ɗinkin da ke cikinsu bai wuce haɗa ƙore da kalmasa ba. Kyansu yana ga saƙa da rini. Saboda haka rigar amarya mai bin awon jiki sabon abu ne a wurinmu, kuma wannan ne ya sa har yanzu ba ta sami fasalin da za a ce na Hausa ne ba, alhali rigar ango ta daɗe da samun nata.

3.0 Sauye-sauyen da Suka Auku

A shekarar da Barth ya shiga Kano, wato 1851, Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa a Amurka. Keken ya iso ƙasar Hausa a zamanin Turawa, ya rage wahalar haɗa riga, ya kuma buɗe wa dubban matasa ƙofar sana'a. Daga baya keken surfani ya biyo, sannan na'urar da kwamfuta ke sarrafawa, wadda kan gama cikin sa'o'i aikin da hannu ke shafe makonni ko watanni a kansa.

Wani abin lura ya faru a Zariya. Salihu Maiwada da Elisha Renne sun nuna, a bincikensu na 2007, cewa da maza suka koma kan keke, matan cikin birni ne suka karɓi surfanin hannu na manyan riguna, suna yi a cikin gidajensu tsakanin girki da reno. Daga cikin irin waɗannan mata ne ƙungiyar Queen Amina Embroiderers ta fito, wadda aikinta ya kai kasuwannin baje koli na Amurka. Ke nan ilimin bai mutu ba, hannu ya sauya. Amma da ya koma hannun matan da ba sa zuwa kasuwa, sai cinikinsa ya koma hannun dillalai.

A ɓangaren yadi kuwa, an yi zamanin da Arewa ke saƙa nata a masana'anta. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau. Matsalar wutar lantarki da fasa-ƙwauri da yadi mai arha daga Asiya suka durƙusar da su. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aikinta na Kaduna a 2007. Yau wanda ya shiga Kantin Kwari haɗa lefe zai tarar da shaddar Ostiriya, da galilar da aka rina a Mali, da atamfar Vlisco ta Holan, da leshin Ostiriya da Siwizalan, da tarin kwaikwayonsu daga Sin. Abin da ya rage na gida a cikin akwatin lefe shi ne ɗinki. Idan shi ma ya zama kwafi, to babu sauran abin da za mu nuna mu ce namu ne.

4.0 Rigar Amarya

4.1 Asalin Farar Riga

Farar doguwar rigar amarya ta sami karɓuwa a Turai bayan da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa irinta a aurenta ranar 10 ga Fabrairu, 1840. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta zaɓi alharinin da aka saƙa a Landan da leshin hannu na yankin Honiton domin tallafa wa masu sana'ar ƙasarta. A Nijeriya rigar ta fara kama ƙasa a auren coci na biranen bakin teku, daga baya ta shigo bikin Musulmin Arewa ta ƙofar liyafar dare da ake kira dina. Fina-finai da Instagram suka ƙara mata gudu. Mun ɗauki launin rigar da fasalinta, amma mun bar darasin da ke bayanta, wato amarya ta yi ado da aikin mutanenta.

4.2 Matakan Aiki

Rigar amarya mai kyau ba a kan keke take farawa ba, a kan tattaunawa take farawa. Ya kamata mai ɗinki ta san wane taro za a sa rigar, a fili ne ko a zaure mai sanyi, da rana ko da dare, amarya za ta zauna ne ko za ta yi ta kai da kawo, kuma mene ne iyakar da gidansu da gidan miji suka yarda da ita ta fuskar sutura. A watannin bazara zafin Kano kan kai digiri 40, don haka rigar da aka yi wa shafi da yadin roba azaba ce ga mai ita. Shafin auduga ya fi dacewa.

Mataki na biyu shi ne awo: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, ɗuwawu, tsawon hannu da faɗinsa, da tsayi tare da takalmin da za a sa ranar. Ya fi kyau mace ta auna mace, domin kunya kan sa a yi awo sama-sama, awon sama-sama kuwa shi ke haifar da rigar da ke tattarewa a baya ko ta matse hammata. Bayan awo sai zane a takarda, amarya ta gani ta amince. Sannan a fitar da fasalin a kan akoko ko wani yadi mai arha, a gwada a jikinta, a gyara, kafin almakashi ya taɓa leshi. Leshi yadi 5 ake sayar da shi, atamfa turmi ɗaya yadi 6 ne, kuma abin da aka yanka ba ya komawa. A bar rara a gefe da gefe, domin jikin amarya kan sauya a makonnin gyaran jiki.

A mataki na ƙarshe ne hannu ke nuna fifikonsa. Kalmasar da aka yi da allura ba ta fitowa ta waje. Furen leshi da aka yanko aka dasa shi da zare yana kwanciya ya bi lanƙwasar jiki, ya ɓoye wurin haɗi. Duwatsun da aka ɗinka ɗaya-ɗaya suna jure wanki, waɗanda aka manna da gam kuwa tun a wurin biki suke fara zuba. Surfanin hannu yana da tudu da kwari, yana kama haske ta fuskoki dabam-dabam, na na'ura kuwa a shafe yake, kuma yakan sandarar da yadi saboda takardar da ake liƙa masa ta ciki.

4.3 Kwafi da Ƙirƙira

Mafi yawan cinikin yau da waya yake farawa. Amarya ta nuna hoto ta ce, "Irin wannan nake so." Hoton na wata ce mai wani jiki dabam, a wata ƙasa mai wani yanayi dabam, da yadin da ba shi aka kawo ba. Tela ya karɓa domin kada ciniki ya wuce shi. Da yake rigar asali a buɗe take a kafaɗa ko baya, sai a toshe wuraren da raga mai launin fata, a ɗora mayafi a sama. Sakamakon ba ya gamsar da mai son sutura, ba ya kuma gamsar da mai son salo. Hausawa sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara.

Mafita tana cikin abin da muke da shi. Alkyabba, wadda amaren gidajen sarauta suka saba sawa, ta bazu zuwa sauran gidaje a ranar kamu da buɗar kai, kuma ta nuna cewa tufa mai yalwa da rufe jiki tana iya zama ƙarshen ado. Laffayar Barebari da Shuwa ma ta shiga bukukuwanmu ta zauna. Babu abin da zai hana tambari ya hau bayan rigar amarya, ko aska ta sauka daga kafaɗa zuwa ƙasa da farin zare a kan farin yadi, ko dagi ya zagaye bakin mayafi, ko a dasa saƙi a bakin hannu. A Jamhuriyar Nijar, mai zayyanar tufafi Alphadi ya gina sunansa a kan haɗa fasahar mutanen Sahel da yankan zamani, kuma bikin baje kolin tufafi na FIMA da ya fara a hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998 ya jawo idon duniya. Hanyar a buɗe take ga mai son bi.

5.0 Kyaututtukan Biki

Mazubin lefe ya tashi daga kwandon kaba zuwa fantimoti, daga nan zuwa jerin akwatuna, kuma yawan turame ne ya zama ma'aunin gata. Haka ma kayan rabo: robobi da bokitai da kofuna da kalanda masu hoton ango da amarya, kusan dukkansu aikin masana'anta. A shekarun baya kuwa, budurwa kan zauna ta yi wa zanen gadonta da rigunan filonta surfani, ta saƙa faifai da marufan kwano, gwaggo ko inna ta ɗinka mata labule, ita kuma ta ɗinka wa angonta hula. Wannan kyauta ba ta da ta biyu a kasuwa, kuma akan adana ta har 'ya'ya su taso su gani.

Maido da wannan al'ada ba komawa baya ba ne, lissafi ne. Gidan da zai raba kaya ga baƙi masu yawa, in ya ba matan unguwa aikin ɗinka jakunkuna ko dardumar yara ko gidan Alƙur'ani ko zanen goyo, kuɗin sun zauna a unguwar. Ƙyallayen da teloli ke sharewa su zubar bayan ɗinkin anko sun isa a haɗa ƙananan jakunkuna masu launin bikin. Irin wannan aiki ba ya buƙatar wutar lantarki ko hayar shago, kuma ya dace da matar da ke cikin gida.

6.0 Farashi, Alkawari da Suna

Matsaloli uku ne suka fi danne sana'ar. Na farko farashi. Mai surfani da ke aiki a gida ba ta ganin mai sayen riga, abin da dillali ya yanka mata shi take karɓa, kuma ba a lissafa kwanakin da ta yi ko idon da ta ƙure. Na biyu alkawari. Da yake ladan ɗinki ɗaya bai taka kara ya karya ba, tela kan karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, musamman in biki ya haɗu da ɗinkin sallah, sai gaggawa ta ci inganci, amana ta zube. Ƙarancin farashi da saɓa alkawari igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Na uku suna. Charles Frederick Worth, Baturen Ingila da ya buɗe gidan ɗinkinsa a Faris a 1858, ya shahara da liƙa sunansa a jikin tufafin da ya ɗinka, abin da ya ɗaga tela daga mai karɓar umarni zuwa mai fasahar da ake nema da sunansa. Manyan rigunan Hausa da ke ajiye a gidajen tarihi na Turai kuwa, akasarinsu ba a san wanda ya zana su ko ya cike su ba. Muddin aikin hannu ba shi da suna, ba zai yi daraja a ciniki ba, kuma yarinya mai basira ba za ta ga dalilin koyonsa ba.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, masu ɗinkin amare su riƙa zana nasu fasali, su ajiye kundin zane da samfurin surfani da za su nuna wa mai ciniki kafin ta ciro waya.

Na biyu, a riƙa rubuta yarjejeniya: ranar gwaji, ranar karɓa, kuɗin yanka da haɗi dabam, kuɗin aikin hannu dabam. Wannan zai sa mai saye ya ga abin da yake biya.

Na uku, a sa sunan mai zayyana da na mai surfani a cikin rigar, ko sunan ƙungiyarsu in ba a son bayyana sunan matar aure.

Na huɗu, mata masu surfani su haɗu cikin ƙungiyoyin gama-kai domin sayen zare a sari da yin ciniki kai tsaye da shagunan ɗinki.

Na biyar, sassan koyar da zayyana da saƙa na jami'o'i da kwalejojin fasaha su tattara fasalolin gargajiya da sunayensu daga bakin tsofaffin masu sana'a, su kuma gayyato su aji a matsayin malamai.

Na shida, gwamnatocin da ke ɗaukar nauyin auren gata, kamar yadda Jihar Kano take yi tun 2012, su ware ɗinkin kayan amare da na ɗaki ga ƙungiyoyin mata da ƙananan teloli.

Na bakwai, iyaye su sa aƙalla tufa ɗaya ta aikin hannun gida a cikin kowane lefe, ko da hakan zai sa a rage turame biyu ko uku.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɗinkin hannu tsohuwar sana'a ce da ta taɓa ɗaukaka sunan ƙasar Hausa, kuma har yanzu masu iya ta suna raye, akasarinsu mata ne a cikin gidaje. Keke da kwamfuta ba abokan gabarta ba ne, domin kowanne da aikin da ya fi dacewa da shi: na'ura ta yi dogon haɗi da kayan yau da kullum, hannu ya yi abin da ake so ya daɗe kuma ya bambanta. Ba sai an ƙara wa biki tsada ba, tsadarsa ta riga ta yi wa talaka yawa. Abin da ake bukata shi ne a karkatar da wani kaso na abin da ake kashewa daga yadin waje da kayan roba zuwa ladan masu allura. Wannan hukunci ne da kowane gida mai aurar da 'ya ko ɗa zai iya yankewa a bana, ba tare da jiran wata doka ba. Ya rage ga masu bincike su shiga gidajen Zariya da Kano da Katsina da Damagaram su rubuta sunayen fasaloli da dabarun ɗinki tun masu su suna da ƙarfin koyarwa.